Ƙwarya Kife a Bakin Mashaya

Kwana uku na yi zaune kan tabarma a tsakar gidan Goggo ina sauraron ƙarya, har kunnena ya gaji. Goggo yayar mahaifina ce, ita ta riƙe ni tun ina shekara huɗu. Ranar Talata da hantsi Allah ya karɓi abinsa, kafin la'asar anka kai ta makwancinta. Daga nan sai gida ya cika da mutanen da ban taɓa ganin ƙafarsu a ƙofarta ba tana da rai, kowa da irin yabon da ya ɗauro.

"Wayyo, uwar gari ta tahi!" in ji maƙwabciyarmu ta bayan danga, tana matsar ido ko hawaye zai taimake ta. Bai taimake ta ba. Wannan matar ita ce ta hana ɗiyanta cin tuwon Goggo, wai hannunta na ƙarnin tabki.

"Mace mai sani," in ji wata. "Mu dai mun yi rashi." Ita kuwa da bakinta ta raɗa mata Goggon Gansakuka, sunan da ya bi ta har tsufa, har yara na yi mata waƙa da shi a hanyar rijiya.

Daga zaure kuma muryar Baba Alhaji ke shigowa. Ƙanen mijinta ne, shi ke da garkar albasa mafi girma a fadamarmu, nan ƙasa da Badaguishiri. Sai da ya gyara murya don mata su ji daga ciki, sannan ya ce, "Ni ban taɓa yanke magana kan ruwan garin ga ba sai na ji ta bakinta. Allah shaida." Na toshe bakina da mayafi. In ban toshe ba tsaki zai fita, tsaki kuwa a gidan makoki sai a ce Goggo ba ta ba ni tarbiyya ba.

Da yabo ya ƙare musu sai sunka koma neman wanda bai zo ba. Sunka samu tsohuwar Bafulatanar nan ta rugar bayan tsauni, wadda ke kawo ma Goggo nono tun ban san hannun damana ba.

"Ku duba hwa, shekara da shekaru tana shiga gidan ga, amma ko leƙe. Ba ta zo gaisuwa ba."

"Ai su haka suke. In ba nono za su saida maki ba, ba su san ki ba."

Wannan ma na ji ta, na haɗiye. Gaskiya ni ma abin ya sosa mani rai, don na zaci ita ce za ta fara sallama.

Amma ba maganarsu ce ta hana ni sukuni ba a kwanakin nan uku. Wata magana ce daban. Da safiyar Talatar, ina riƙe da kanta bisa cinyata, Goggo ta buɗe ido ta ce mani, "Ɗiyata, ruwa ya hwara juyawa. Ban samu kifa ƙwarya ba. Kada a kai Ja tabki." Ja ita ce saniyarta guda ɗaya, da ɗan maraƙinta da bai cika wata biyu ba. Ƙwarya kuwa duk wanda ya tashi a garinmu ya san ta: in Goggo ta kifa ta bisa sanda a bakin mashaya, to kada dabba ta sa baki a ruwan. Tun da nike da ita ba ta taɓa roƙona komi ba sai wannan. Bayan an dawo daga maƙabarta na kira Yaya, ɗanta na fari, na gaya masa. Ya ce, "To, za a yi," da irin muryar da ake sallamar mai talla. Ni kuma ɗiyar gida ce, ni ake yi ma gaisuwa, ba ni da ikon ɗaga ƙafa daga tabarma sai an yi addu'ar uku.

Bari in faɗi ko wace ce ita, tun da waɗanda sunka cika gidan ba za su faɗa ba.

Tabkinmu ba wani abin kallo ba ne. Ruwan damina ne ke gangarowa daga tsaunuka ya kwanta a ƙarshen fadama, in shekara ta yi kyau ya kai mu har bazara. Garkunan albasa na daga sama ta yamma, mashayar dabbobi na daga gabas. Kowa na amfani da shi, ba mai dubansa. Goggo kaɗai ke sauka kullum da safe, ko da ba ta da wanki, ta tsuguna a bakin gaɓa ta yi shiru kamar mai jiran amsar gaisuwa.

"Gansakuka biyu ce," haka take cewa. "Akwai mai gashi, akwai mai fenti. Wanda bai raba su ba kada shi yi mani maganar ruwa."

Kayan aikinta duka karan gero ne guda. Ta tsoma shi cikin koren, ta ɗaga a hankali. In ya fito da zare-zare na reto, sai ta yar da shi ta ce lafiya lau, ku sha. In ya fito a shafe sumul, babu zare ko ɗaya, kamar an tsoma shi a gwangwanin fenti, sai fuskarta ta canza. Ko a nan ba ta gaggawa. Sai ta ɗebo ruwan a kwalba ta aje a inuwa zuwa azahar. Mai gashi da laka ƙasa suke kwanciya. Mai fenti tasowa take yi ta yi zobe a wuyan kwalba. In ta ga zoben nan, ranar ba ta cin abinci sai ta kifa ƙwarya.

Mai gashi kuwa ƙaunarta take yi, kuma ba ta ɓoyewa. Da hantsi, in rana ta bugi ruwa, takan jawo ni ta nuna mani 'yan kumfa ƙanana maƙale a jikin zaren. "Kin gani? Numfashi take yi ma kihi." Sannan ta lissafa mani da yatsu, tana dungure mani kai a kan kowane: "Ɗiyan kwaɗi da ƙwarin ruwa su ci ta. Ƙananan karfasa su ci su. Tarwaɗa ta ci karfasa. Zalɓe shi ɗauki nashi rabo. Ke kuma ki zo ki cinye tarwaɗa, ki lashe hannu, ki ce gansakuka ƙazanta ce. Sakarya."

In ruwa ya janye, mai gashi takan bushe a bakin gaɓa ta zama kamar tsohon bargo. Goggo ta naɗe ta, ta ɗauko a ka, ta shimfiɗa bisa ɗan fagen da take yaye irin albasa. Ƙasarta ba ta bushewa da wuri, irinta bai ƙonewa, in abin ya ruɓe kuma ya zama taki. Maza sunka yi ta dariya, wai tsohuwa na lulluɓe gona kada ta ji sanyi. Na san uku daga cikinsu da ke tura matansu da tsakar rana, lokacin da ba kowa a fadama, su naɗo musu. Biyu na zaune a zauren nan suna jan tasbaha.

Ba daga littafi ta samo sanin nan ba, ba kuma gado ta yi ba. Hasara ce ta koya mata. Tana amarya, wata bazara, awakinta uku sunka sha a mashaya da safe, kafin yamma duk sun mutu. A ranar ita ma Bafulatanar, lokacin tana yarinyar mace da goyo, shanun gidansu sunka faɗi a wurin. Gari ya ce iskokin tabki ne, anka yi ta turare. Su biyun nan, ba su ma jin harshen juna sosai a lokacin, sunka ja akuya guda gefe sunka farke ta. Sunka tarar hanta ta kumbura ta yi baƙi, tumbi kuma cike da koren ruwa. Sunka koma sunka dubi mashaya, sunka ga iska ta turo abin nan ya taru daidai inda dabba ke sa baki. Shekara da shekaru sunka yi suna dubawa kafin su gane ta kara da ta kwalba. Maganar ƙwarya ma tsakaninsu ta fito, don makiyayi ya hango ta daga nesa ya juya garkensa ba sai an yi magana ba.

Kada wani ya zaci ƙawance ne mai daɗin baki. Ban taɓa jin sun rabu ba tare da zagi ba. Goggo ta ce nonon rabinsa ruwa ne, ita kuma ta ce Bahaushiya ba ta san nono ba sai tsami. Su yi ta yi har a gaji da su, sannan a ga sun gangara tabki tare, ɗaya na gaba ɗaya na baya.

Ni ma ina da nawa kason a cikin masu raina ta, kuma ba zan tsallake kaina ba. Ina aji huɗu a lakwal, makarantar boko, yara sunka sa ni gaba da waƙar gansakuka. Rannan Goggo ta biyo daga tabki ta kawo mani fura a tagar aji, zanenta jiƙe, ƙafarta kore. Aji ya fashe da dariya. Da na koma gida na ce mata, "Goggo, ki daina zuwa lakwal ɗinmu, ƙarni kike yi." Wallahi haka na faɗa, da bakin nan nawa. Ba ta mare ni ba, da ma ta mare ni. Ta dube ni ta ce, "To." Daga ranar ba ta sake shiga ba. Takan tsaya can bayan shingen makaranta, ƙarƙashin aduwa, da kwanon fura a hannu, har a tashe mu shan iska in je in karɓa. Shekara biyu tana tsayuwar nan a rana, ni kuma ina karɓa ina waige kada a gan ni.

Sai da na je kolaj a Birnin Konni wani malami, mushe kamar yadda muke ce musu da Faransanci, ya zana mana abin a allo. Ya ce koren nan na cikin ruwa shi ne farkon abincin duk abin da ke rayuwa a can, kuma shi da 'yan'uwansa na cikin manyan ruwaye ke samar da babban rabo na iskar da muke shaƙa. Ya ce akwai wani iri daban mai dafi, wanda ke haukacewa in zafi ya yi yawa kuma taki ya yi yawa a ruwa, ko an tafasa ruwan dafin bai mutuwa. Na zauna a benci kunya ta rufe ni. Da hutu na zo da gudu na karanta mata duka daga kaye na, littafin da nike rubutu a ciki. Ta saurara har ƙarshe tana tsinke zogale, sannan ta ce, "Madalla. Shi mushen naku, ya taɓa tsoma kara?"

Yanzu ga labarin Baba Alhaji, mai Allah shaida.

Wata shekara anka ce baƙi za su zo daga birni su duba fadama, ko a samu taimakon injinan ban ruwa. Lokacin takin zamani ya riga ya shigo, kowa na zuba shi da hannu biyu, Baba Alhaji ya fi kowa. Duk ban ruwan da anka yi, rarar na gangarowa tabki. Mai gashi ta samu abinci ta yi kauri, ta rufe gefen yamma kore shar. Baba Alhaji ya tsaya bisa gaɓa ya ce wannan abin kunya ne, baƙi za su ce mu ƙazamai ne, ba mu iya riƙon ruwa ba. Ya tara majiya ƙarfi da manjagara. Kwana biyu suna cikin ruwa har ƙugu suna jan gansakuka, suna lodawa a amalanke ana kaiwa bayan tsauni, don ko warinta kada baƙo ya ji.

Goggo ta sauko ta same su. Ina nan, hutu ne, na ga komi.

"Alhaji, mi kake yi haka?"

"Shara muke yi, matar yaya. Koma gida, wanga aikin maza ne."

"Takin da kake zubawa, wa kake zaton ke cinye shi in ya gangaro? Ita ce. Ka kwashe mai ci, ka bar abincin. Wa kake so shi zo shi ci?"

"Kifi shi ci," in ji shi. Maza sunka bushe da dariya.

"Mai fenti za ta ci," in ji Goggo. "Kuma ba shi ɗai za ta ci ba, sai ta haɗa da dabbobinku."

Ya juya ga mutanensa ya ce tsufa ba ta da magani. Ta ce, "Wauta ma haka, ga ta nan da rawani." Daga ranar ya daina gaishe ta.

Baƙin sun zo kuwa. Motarsu ta tsaya a bakin hanya, sunka fito sunka sha lemo a inuwar rumfa, sunka hangi fadama daga nesa da hannu bisa goshi, sunka koma. Ko gangarowa ba su yi ba, balle su ga tabkin da anka yi ma aski. Injin kuwa har yau muna jiran sa.

Ba a yi wata guda ba, zafi ya tsananta, ruwa ya ja baya, kara ya fito a shafe. Goggo ta kifa ƙwarya. Makiyayan ruga da na raƙuma sunka hango ta sunka juya, sunka yi doguwar tafiya zuwa rijiyoyi. Baba Alhaji kuwa ya zo da kansa da shanunsa na noma guda uku. Ya sa ƙafa ya shure sandar, ƙwarya ta faɗi ta tsage. Ya ce mu Musulmi ne, ba mu bin canfin ƙwarya, ruwan da ya share da kuɗinsa ba wata tsohuwa da za ta hana shi. Waɗanda ke jiran wani ya fara sunka biyo shi da tumakinsu.

Kafin la'asar biyu daga cikin shanunsa na kwance suna shure-shure, kumfa na fita ta baki. Tumakin mutane kuwa ban so in tuna. Har karen wani maharbi da ya yi wanka ya lashi jikinsa bai kwana ba. Anka ɗauko likitan dabbobi daga Illela. Ya farke, ya dubi hanta, ya gangara ya dubi ruwa, ya faɗi abin da Goggo ta shekara talatin tana faɗa, amma da Faransanci. Nan take kowa ya gyaɗa kai. Da yake da Faransanci ne, sun yarda har tsawon damina guda. Baba Alhaji shi ko hakan bai yi ba. Cewa ya yi bakinta ne ya kama masa shanu.

Sa na uku bai sha da yawa ba, ya kwanta tsakanin mutuwa da rayuwa. Mutanen gidan Alhaji sun riga sun wasa wuƙa. Goggo ta shiga garken ba sallama, ta ce a dakata. Ta daka gawayi ta dama tana ɗura masa, ta riƙa ɗauko ruwan rijiya a ka, sawu bayan sawu, tsohuwa mai ciwon gwiwa, har kwana shida. Ran na bakwai sa ya miƙe. Baba Alhaji bai ce mata sannu ba, ko ta bakin wani. Ni abin ya ci ni, na ce, "Goggo, don Allah mi ya kai ki? Mutumin da ya ce ke mayya ce?" Ta ce, "Ba don shi na yi ba. San bai shuri ƙwarya ba." Sannan ta zauna ta ɗinke tsagar ƙwaryarta da zaren kaba, ta ci gaba da kifa ta duk shekarar da ruwa ya juya. Shekara biyu mai gashi ta yi kafin ta dawo yadda take.

Wannan ita ce matar da ake ce ma uwar gari yau da ba ta iya jin su.

Ranar addu'ar uku tun da sassafe anka ɗora tukwane. Mutane sun zo daga Tsarnawa, daga Malbaza, har da dangin da ke ƙetaren iyaka. Ruwan fanfon unguwa duk ya tafi ga girki da alwala. Ina zaune ina amsa "ya haƙuri" a karo na ban san adadi ba, sai idona ya faɗa gindin rumbu. Kaji sun taru suna tsattsagar dussa a cikin wata ƙwarya. Na ga ɗinkin kaba a gefenta.

In ƙwarya na nan gaban kaji, to ba komi a bakin mashaya. Na waiga turken Ja. Maraƙi ne kaɗai a ɗaure, yana ta kuka.

Na aika a kira mani Yaya. Ya leƙo daga ƙofar zaure da sabuwar shadda, fuska a murtuke don na taso shi daga cikin manya.

"Yaya, ina Ja?"

"Na haɗa ta da garken gari tun da sahe. Ba ki ga ba ruwa a gidan ba? Baƙi za mu ba ko saniya?"

"Garken gari ina yake sha?"

"Inda ya saba."

"Ƙwaryar da ka ce za a kifa hwa? Ga ta can kaji na ci a ciki!"

Ya rage murya. "Ke, ki rufa mana asiri. Baba Alhaji ya ce wagga al'ada ta bi mai ita. Yau ranar addu'a ce, kada ki ja mana abin faɗa gaban mutane. Ki zauna."

Mata duk suna kallonmu, har da masu matsar hawaye. Liman ya riga ya fara addu'a daga zaure. Na tashi. Na kori kajin, na ɗauki ƙwaryar da sauran dussarta, na ratsa tsakiyar tabarmi. Maƙwabciyarmu ta kama mani zane tana cewa, "Subhanallahi, ɗiyar gida ba ta fita ana addu'a!" Na fizge. Na bi ta zaure, ta gaban Baba Alhaji da hannuwansa a sama, ban ko sunkuya ba. Takalmi ma a can na bar shi.

Ban san na iya gudu haka ba. Ƙasa na ƙuna, ina tafe ina lissafin lokaci: garke kan isa mashaya da hantsi, yanzu rana ta kusa tsaka. Ina ganin Ja a raina kwance tana shure-shure, ina jin muryar Goggo. Abu ɗaya ta roƙe ni, ni kuma na zauna kan tabarma kwana uku don kada a ce.

Tun kafin in ga ruwa wari ya tare ni. Da na hau gaɓa na ga mashaya ta yi kore mai kauri, iska ta tattaro shi ya kwanta a bakin laka, 'yan karfasa sun juya ciki sama a gefe. Amma ba dabba ko ɗaya a bakin ruwan. Garken gari duka na can baya, ƙarƙashin itatuwan gawo, suna kukan ƙishi. Makiyayin, ƙaton mutum da gemunsa, na zaune a ƙasa ya rafka tagumi.

A bakin mashaya kuwa ga sanda a kafe, ga ƙwarya kife a kanta. Ba irin tamu ba ce. Babbar ƙwaryar nono ce mai zane, ta yi baƙi don tsufa, irin wadda Bafulatana ba ta bari ko ɗiyarta ta taɓa. A gindin sandar tsohuwar na zaune bisa tsumma, da sandar kiwo a cinya, leɓɓanta sun tsattsage.

"Inna," na ce. Numfashi ya hana ni ƙarawa.

Ba ta tashi ba. Ta nuna da haɓa. Ja na ɗaure ita kaɗai a jikin wani gawo, gabanta ga kwano, gefe ga bido, jarkar ruwa, babu komi a ciki. Ruwan shanta ta juye mata.

"Wancan ya so gardama," in ji ta, tana harar makiyayin. "Na ce mashi sai dai shanu su bi ta kaina."

"Tun yaushe kike nan?"

"Tun Litinin na ga ruwa ya juya, ban ga ƙwarya ba. Na ce ko ba ta lahiya, ko ba ta duniya. Talata na ji." Ta dubi ruwan. "Da sahe in zo, in rana ta hwaɗi in tahi. Wa zai zauna in ban zauna ba? Waɗancan na gidanku?"

Na durƙusa a gabanta. Kukan da ban yi ba kwana uku a gaban masu yabo, nan ya zo mani. Ta bar ni na yi. Da na lafa na ce mata ana can ana cewa ba ta zo gaisuwa ba.

"In je in gaida wa? Can ba ta nan." Ta miƙo hannu ta karɓi ƙwaryar Goggo. Ta ga dussa, ta ga kashin kaji a baki. Ta sa gefen zanenta ta goge ta tas, ciki da waje, ta bi ɗinkin da yatsa. Sannan ta dafa sanda ta miƙe, ta sauke tata, ta miƙo mani tamu. "Kifa da hannunki."

Na kifa. Ta tsinci kara ta ba ni, ta ce in tsoma ta gani. Na shiga laka har idon sawu na tsoma, ya fito a shafe, koren ya gangaro mani har wuyan hannu.

"To kin gani. Gobe ma ke za ki tsoma, har ruwan sama shi sauka. Ni gwiwata ta ƙare." Ta ɗora ƙwaryarta a ka. Ta yi taku biyu, ta tsaya ba ta waigo ba. "Allah shi jiƙan ta. Ba ta san nono ba, amma ta san ruwa."

Na ce amin. Allah shi sanyaya mata makwanci yadda ta sanyaya ma dabbobin da ba nata ba, shi yafe mata kurakuranta, ni kuma shi yafe mani tsayuwar da na sa ta yi a bayan shinge.

Makiyayi ya kora garke zuwa rijiyoyi. Ni na jawo Ja da igiya har gida. Na tarar an shafa addu'a, ana rabon gumba. Na ratsa zaure da saniya a bayana, Baba Alhaji ya sami abin dubawa a cikin tasbaharsa. Na sake ta ga maraƙinta, ya kama nono. Sannan na koma wurina a tsakiyar tabarma na zauna, ƙafata da laka, hannuna kore. Wata ta turo mani buta, na ture ta gefe.

Maƙwabciyarmu ta ja hanci, ta dubi hagu ta dubi dama, ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Wai mi ke ƙarni haka?"

Na ce, "Ni ce. Matso ki yi mani gaisuwa."